Keke da Kwalta a Ƙasar Jazira

Duk wanda ya san Jazira ya san lakarta: baƙa ce, da rani ta tsattsage, da damina ta riƙe ƙafar mutum da ta jaki. A wannan yanki ne Hausawa da Fulani suka yada zango bayan yaƙin Burmi na 1903. Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar a 1906. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, noman auduga ya kankama, sai 'yan'uwanmu suka bazu cikin ƙauyuka da unguwannin leburori da ake kira kambo.

Keke, wanda a can ake ce wa ajala, ya dace da wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Da sassafe akan fita ayari-ayari, a bi gefen magudanan ruwa zuwa gona ko kasuwa. Tafiya tare tana da dalili: in tayar wani ta sace, ba a rasa mai famfo ba. Amma da ruwa ya sauka, sai laka ta cushe ƙafafun keke, mai hawa ya koma mai ɗauka.

Shi ya sa aka yi murna da kwalta. Hanyar Khartum zuwa Wad Madani, mai kusan kilomita 190, an fara ta da taimakon Amurka a shekarun 1960, aka kammala wajen 1970. Daga baya kwalta ta kai Sinnar, ta nausa Sinja da Damazin. Mara lafiya ya samu isa asibiti ko da tsakiyar damina, albasa da tumatir suka isa birni kafin su ruɓe.

Sai dai hanyar domin mota aka yi ta. Siririya ce, mai zuwa da mai komowa duk a kanta suke, ba a bar wa mai keke gurbi ba. Ayarin da ya saba tafiya kafaɗa da kafaɗa ana hira, dole ya koma layi ɗaya a gefe, manyan motoci na kaɗa shi. Inda kwalta ta raba gari da gona, tsallakawa ta zama abin fargaba ga yaro da tsoho. Saboda yawan haɗari, har mutanen Sudan suka laƙaba wa hanyar Madani suna hanyar mutuwa.

Kwalta ta raba mutanen ƙauye da wahalar laka, amma masu auna hanya motoci suka ƙidaya, ba su ƙidaya waɗanda ke kwana a bakinta ba.