Isma'ila Mabo, ɗan bayan Mighty Jets, da ƙwallon da aka yi kafin zuwan gidan kallo

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ishe su su saurara ba.

Yau tarihin ƙwallo za mu taɓa, kuma na gida. Zan yi magana a kan Alhaji Isma'ila Mabo, wanda aka haifa a Jos a 1944, ya rasu ranar 13 ga Maris 2023. Na san da yawanku yanzu kuka fara jin sunan. Ka shiga kowane gidan kallo a nan Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, ka ce a lissafa maka 'yan bayan Madrid, yaro ɗan shekara 12 zai jero maka su har da na benci. Ka ce masa wane ne Mabo, sai ya tsaya yana kallonka. Ba laifin yaron ba ne. Dalili biyu ne suka haɗu: Mabo ɗan baya ne, sannan ya yi wasansa a zamanin da ƙwallo a kunne ake jin ta.

Bari mu fara da zamanin. A farkon shekarun 1970 babu Jihar Katsina ma, sai a 1987 aka ƙirƙiro ta. Ƙanƙara tana cikin Jihar Arewa ta Tsakiya ne, hedikwatarta Kaduna. Wanda yake son sanin abin da ake ciki a babban wasa, sai dai ya matsa kusa da mai akwatin rediyo, a yi tsit ana sauraron mai sharhi daga Legas. Shi kuwa mai sharhi ƙwallo yake bi da bakinsa. Wanda ya yi yanka, wanda ya buga, wanda ya zura, su ne sunayensu ke fita da ƙarfi. Ɗan bayan da ya tsaya a inda ya dace har ɗan gaba ya fasa tahowa, babu abin da za a faɗa a kansa, tunda babu abin da ya faru. Aikinsa ke nan, ya hana abu faruwa.

'Yan wasan lokacin kuma yawancinsu ma'aikata ne. Ku dubi sunayen ƙungiyoyin ma kawai: Railways ta ma'aikatan jirgin ƙasa, ECN ta hukumar lantarki wadda daga baya ta koma NEPA, Bendel Insurance ta kamfanin inshora, Stationery Stores ta wani mai sayar da kayan ofis a Legas. Mutum ya je aiki da safe, da yamma ya fito atisaye. Sai a 1990 aka fara gasar ƙwararru a Najeriya, wato ƙwallo ta zama sana'a a hukumance. Dokokin ma daban suke. Katin gargaɗi da jan kati sai a Kofin Duniya na 1970 aka fara amfani da su. Ɗan baya yana iya mayar wa golansa ƙwallo da ƙafa, gola ya sa hannu ya ɗauka, ba a hana wannan ba sai 1992. Tsananta hukunci a kan shigar baya kuwa sai wajen 1998. To ka ga wasan akwai jiki sosai, kuma filin ba irin kafet ɗin da kuke gani a talabijin ba ne. Idan ƙwallo ta yi tsalle a kan wani tudu ta wuce ka, jama'a ba za su zagi tudun ba, kai za su zaga.

A cikin wannan yanayi Jos ta zama gidan ƙwallo. Haƙar kuza ta tara mutane daga ko'ina a garin, Bahaushe, Bayarabe, Ibo, 'yan ƙasa irin su Birom, har da mutanen Ghana, 'ya'yansu suka tashi a unguwa ɗaya suna buga ƙwallo ɗaya. Mabo yana cikin waɗannan yaran. Tun yana ɗan makaranta aka ɗauke shi a tawagar ɗaliban Najeriya da ake kira Academicals, wadda a tsakiyar shekarun 1960 take karawa da takwararta ta Ghana, a lokacin da Ghana ce ke riƙe da kambun Afirka. Daga baya ya sa rigar babbar tawagar ƙasa, wadda a lokacin Green Eagles ake ce mata.

Amma inda aka fi saninsa shi ne Mighty Jets, ƙungiyar da attajiri Alhaji Isiyaku Ibrahim ya ɗauki nauyinta. Mabo ne a tsakiyar baya, kuma ya riƙe mata kyaftin. A gabansa akwai Sam Garba Okoye, wanda har yau dattawan Jos idan suka ambace shi sai sun gyara zama, akwai 'yan gidan Atuegbu, akwai Baba Otu Mohammed a gefe. Da aka fara gasar lig ta ƙasa baki ɗaya a 1972, Mighty Jets ce ta lashe. Ku riƙe wannan, domin abin alfahari ne da ba a cika faɗa ba: zakaran farko a tarihin lig ɗin Najeriya daga Arewa ya fito. Bayan shekara 6, a 1978, Raccah Rovers ta Kano ita ma ta ɗauka.

Sai dai a wancan zamanin ba lig ne babban kofi a idon jama'a ba. Kofin Ƙalubale ne, wanda aka fara a 1945 da sunan Kofin Gwamna. Kano ta ɗauke shi a 1953, daga nan sai ya zama kamar an yi wa Arewa baki. Jos ce ta fi kowa shan wannan baƙin cikin. Tun 1951 take zuwa wasan ƙarshe tana dawowa hannu rabbana, ta sake zuwa, ta sake dawowa, har mutane suka fara cewa ba banza ba.

Wanda ya fi ciwo shi ne na 1972, shekarar da suka ci lig. Sun haɗu da Bendel Insurance a Legas. Bendel ta shiga gaba da ci 2 da nema, lokaci ya kusa cika, sai Sam Garba ya farke duka biyun. Aka tashi 2 da 2, aka ce a sake wasa a filin Liberty na Ibadan. A can Bendel ta ci 3 da 2. A 1974 suka sake kaiwa wasan ƙarshe, Rangers ta Inugu ta doke su 2 da nema. Sam Garba ya rasu a haɗarin mota a 1978 bai taɓa ɗaga kofin ba. Arewa ba ta sake ganinsa ba sai 1989, lokacin da BCC Lions ta Gboko ta ɗauka, shekara 36 bayan na Kano.

Yanzu ku lura da yadda na ba da labarin nan. Sunan wa na kira a wasan 1972? Sam Garba, saboda ƙwallo biyun da ya ci suna rubuce. Mabo kuwa, da ire-irensa da suka riƙe baya har ƙungiyar ta ci lig ta kuma kai wasan ƙarshe sau biyu cikin shekara uku, tarihi bai ajiye musu lissafi ba. Babu wanda yake ƙirga sau nawa ɗan baya ya tare, sau nawa ya cire da ka, sau nawa ya daka wa abokinsa tsawa ya koma wurinsa. Idan an ci su ne ake tuna akwai shi.

Wannan ya tuna mini da wani wasa na Amurkawa, wanda su ma ƙwallon ƙafa suke kiransa duk da cewa da hannu aka fi yinsa, ƙwallon kuma kamar ƙwai take. A cikin 'yan wasa 11 na ɓangaren da ke kai hari, akwai ƙarti 5 da suke jeruwa a sahun gaba. Doka ma ba ta yarda a jefa musu ƙwallo su cafe ba. Aikinsu kawai su zama katanga, su tare ƙartin ɗaya ɓangaren domin mai jifa ya samu sakan biyu ko uku ya yi aikinsa. Akwai ɗaya daga cikinsu, Jim Otto na ƙungiyar Oakland Raiders, mai lamba 00 a riga. Daga 1960 zuwa 1974 ya buga wasan lig 210 a jere bai taɓa fashi ba. An yi masa tiyata fiye da sau 70, a 2007 aka yanke masa ƙafar dama, ya rasu a 2024. Su dai Amurkawa sun sa shi a zauren tunawa da gwarzayen wasansu tun yana raye, kuma akwai faifan wasanninsa. Namu mutanen, sai abin da ya rage a bakin dattawa.

Abin da ya ceci sunan Mabo shi ne rayuwarsa ta biyu, ta koci. Kuma abin mamaki, tawagar mata ta ƙasa aka ba shi, Super Falcons. Na san yadda ake kallon ƙwallon mata a wajenmu, ban kuma zo yin gardama a kan wannan yau ba. Amma a faɗi gaskiya, ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne dattijo Musulmi daga Jos ya karɓi wannan aikin a shekarun 1990, ya yi shi da mutunci, har 'yan wasan suka riƙa ɗaukarsa kamar uba.

A nan ne, a ganina, za ka ga hannun ɗan baya ƙarara. A 1998 Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar mata ta Afirka, aka buga a Kaduna da Abekuta. Tawagar Mabo ta buga wasa 5, ta zura ƙwallo 28, ba a zura mata ko ɗaya ba. Ta doke Ghana 2 da nema a wasan ƙarshe. Kowa 28 ɗin yake faɗa. Ni sifilin nan ne ya fi burge ni, domin ƙungiyar da take cin 6 ko 8 ita ce ta fi saurin sakin jiki a baya, sai idan akwai wanda ya san zafin a farke maka yana tsaye a bakin layi. A 2000 ya sake ɗaukar kofin a Afirka ta Kudu, a wasan ƙarshen da ba a ma ƙarasa ba saboda 'yan kallon masu gida sun tayar da tarzoma Najeriya tana gaba da ci 2.

Tsakanin waɗannan biyun akwai Kofin Duniya na mata na 1999 a Amurka, kuma a filayen wancan wasan na ƙartin da na faɗa aka buga shi. Najeriya ta doke Koriya ta Arewa 2 da 1. Sai ta haɗu da masu masaukin baƙi a Shikago. Nkiru Okosieme ta zura a minti na 2, daga nan ruwa ya ƙare wa ɗan kada, aka tashi 7 da 1. Ba zan ɓoye wannan ba don ina yabon mutum, ranar bayan nasa ya watse. Amma bayan kwana uku suka doke Denmak 2 da nema suka fito daga rukuni.

Ranar 1 ga Yuli suka haɗu da Barazil a kusa da Washintan, a wasan kwata fainal. Kafin minti 40 Barazil ta ci 3. Mabo ya cire gola Ann Chiejine ya sa Judith Chime tun kafin a tafi hutu, abin da koci da yawa ba sa iya yi. Da aka dawo sai labari ya sha bamban. Prisca Emeafu ta rage ɗaya, Okosieme ta ƙara, Nkechi Egbe ta farke ana saura minti 5. Uku da uku. Sai aka ba Patience Avre jan kati, suka shiga ƙarin lokaci su 10. A lokacin akwai dokar ƙwallon zinare, wanda ya fara ci an tashi. A minti na 104 Sissi ta Barazil ta buga firikik ta shiga. Mutumin da ya ga an farke 2 a Legas a 1972 aka je Ibadan aka rasa, shi ne ya sake tsayawa yana kallon an farke 3 an rasa. A wannan shekarar dai ta 1999 Plateau United ta doke Iwuanyanwu Nationale da ci ɗaya mai ban haushi, Kofin Ƙalubale ya shiga Jos a karon farko.

Wani zai ce a 1999 ƙasashe 16 ne kawai a gasar, da ka fito rukuni ka shiga kwata fainal. Gaskiya ne. Amma a gasar 2003, 2007 da 2011 ma 16 ne, kuma Najeriya ba ta fito rukuni ba a ko ɗaya. A Olamfik ta Sidni a 2000 tawagarsa ta sha kashi a duka wasa ukun, kowane 3 da 1. A ta Atina a 2004 ta doke Japan ta kai kwata fainal, Jamus ta fitar da ita da ci 2 da 1.

Ga masu buga ƙwallon yamma a filayen firamare na garuruwanmu, kun san yadda ake rabon wuri. Mai ƙwallo shi ne lamba 10, abokinsa lamba 9, wanda bai iya yanka ba a ce masa je ka baya, kamar horo aka yi masa. Masu shirya gasar unguwanni su ma kyautar wanda ya fi zura ƙwallo suke warewa, wani lokaci da ta gola, ɗan baya sai ruwan leda. Ni dai da za a bi tawa, a gasar da za a yi nan gaba a Ƙanƙara a ware kyautar ɗan baya, ko da riga ɗaya ce, a sa mata sunan Isma'ila Mabo. Ko ba komai yaron da ya ci zai tambayi wane ne.

Mabo ya rasu yana da shekara 78, wata biyar kafin Super Falcons su riƙe Ingila babu ci har minti 120 a Kofin Duniya na 2023, a fitar da su a bugun fenareti a zagayen 'yan 16. Har yanzu ba a samu kocin da ya kai tawagar matan Najeriya inda ya kai ta a 1999 ba. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya sa ya huta. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.