Kura da Shan Bugu: Tarihin Zaratan Ƙwallon Kwando na Sakandaren Amurka da Zaɓen Jami'a

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda 'yan uwa da data ba ta bari sun saurara ba.

Yau Amurka za mu leƙa. Duk shekara a can, idan zaratan 'yan ƙwallon kwando na sakandare sun kusa kammala karatu, ana wani biki mai ban mamaki. Za ka ga yaro ɗan shekara 17 ko 18 zaune gaban kyamara, iyayensa a gefe, an jera masa hulunan jami'o'i uku ko huɗu a kan tebur. Wadda ya ɗauka ya sa a kai, to can zai tafi. Tun 1978 ma ake buga wasan McDonald's All-American, inda ake tara fitattun cikinsu, a yanzu maza 24, su gwada kansu a idon duniya. Tambayar da nake so mu bi a yau ita ce: tun yaushe wannan zaɓi ya zama na yaron, kuma wa ya ci ribarsa tsawon shekarun nan?

A da can babu wani zaɓi. Dokar NBA ta ce ba za a ɗauki ɗan wasa ba sai shekara huɗu ta wuce bayan ya gama sakandare. Ke nan ko ka je jami'a, ko ka zauna. Lew Alcindor, wanda daga baya duniya ta san shi da Kareem Abdul-Jabbar, ya gama sakandare a New York a 1965 ya tafi UCLA. A lokacin ɗan aji ɗaya ba ya ma buga wa babbar ƙungiyar jami'a wasa. Sai da ya jira shekara guda, sannan ya ci musu kofin ƙasa sau uku a jere, daga 1967 zuwa 1969. Ladarsa kuwa? Kuɗin makaranta, ɗakin kwana da abinci.

Wanda ya fara fasa wannan katanga shi ne Spencer Haywood, ɗan talakawa daga jihar Mississippi, wanda mahaifiyarsa ke tsinkar auduga don ta ciyar da su. Ya ci wa Amurka lambar zinare a gasar Olamfik ta 1968, ya bar jami'a da wuri, ya shiga gasar ABA da ke gogayya da NBA a wancan zamani. Da ƙungiyar Seattle ta ɗauke shi a 1970, NBA ta ce ba ta yarda ba, shekarunsa huɗu ba su cika ba. Magana ta kai har Kotun Ƙoli a 1971, kuma Haywood ya yi nasara. Daga nan aka ce wanda talauci ya matsa wa zai iya shiga da wuri.

Ƙofa ta buɗe, amma ba a yi rububi ba. A 1974 Moses Malone ya sa wa Jami'ar Maryland hannu, sai kuma ya fasa, ya wuce ABA kai tsaye daga sakandare. A 1975 Darryl Dawkins da Bill Willoughby suka shiga NBA ta wannan hanya. Daga nan shiru, kusan shekara 20.

Sai 1995, Kevin Garnett ya fito daga wata sakandare a Chicago, Minnesota ta ɗauke shi a matsayi na 5. Kobe Bryant ya biyo a 1996, Tracy McGrady a 1997. A 2001 Kwame Brown ya zama ɗan sakandare na farko da aka ɗauka lamba ɗaya. A 2003 kuma ga LeBron James, wanda kamfanin Nike ya ba shi kwantiragin kusan dala miliyan 90 tun bai taka filin NBA ba. Ku duba fa, yaro ɗan shekara 18. Wace jami'a ce za ta ce masa ya zo ya zauna a aji?

To amma labarin Kobe da LeBron shi kowa ya riƙe, ba a cika ba da na sauran ba. Korleone Young ya tsallake jami'a a 1998, wasa uku kacal ya buga a NBA. Lenny Cooke, wanda a wani lokaci masu jera sunaye suka sa shi gaban LeBron, ya shiga zaɓen 2002, babu ƙungiyar da ta kira sunansa. Kuma tunda ya riga ya haɗa kai da wakili, hanyar jami'a ta rufe masa. Ba ga tsuntsu, ba ga tarko. Akwai ma namu: Ndudi Ebi, ɗan asalin Najeriya, ya yi wa Jami'ar Arizona alkawari, sai ya fasa ya shiga zaɓen 2003. Minnesota ta ɗauke shi a matsayi na 26, ya buga wasa 19 a cikin shekara biyu, aka sallame shi.

Shekarar 2004 ta nuna hanyoyin biyu ƙarara. Lamba ɗaya shi ne Dwight Howard, daga sakandare. Lamba biyu Emeka Okafor, shi ma iyayensa 'yan Najeriya ne, wanda ya zauna a Jami'ar Connecticut, ya ci kofin ƙasa, ya kuma gama digirinsa kan harkar kuɗi a cikin shekara uku. Dukansu biyun sun ci riba. Abin da ya raba su da su Lenny Cooke, a ganina, shi ne kowannensu ya san ainihin matsayinsa, bai tsaya kan zugar 'yan kanzagi ba.

A 2005 NBA da ƙungiyar 'yan wasa suka sake doka: daga zaɓen 2006, dole ɗan wasa ya kai shekara 19, kuma shekara ɗaya ta wuce bayan sakandare. Suka ce don kare yara ne. Ni dai na ce har da kare aljihun ƙungiyoyi, domin yanzu suna da shekara guda ta kallon yaro a kyauta kafin su zuba masa kuɗi. Wannan doka ita ta haifar da waɗanda nake kira ɗaliban ci-rani: su shigo jami'a da kaka, su buga kakar wasa ɗaya, su tattara kayansu da bazara. Kevin Durant haka ya yi a Texas, Derrick Rose a Memphis. Koci John Calipari ya mai da abin sana'a a Kentucky, har ya ci kofi a 2012, aka kuma ɗauki yaransa biyu, Anthony Davis da Michael Kidd-Gilchrist, lamba ɗaya da lamba biyu.

Yanzu mu zo kan kuɗi, don nan gizo ke saƙa. A 2010 hukumar wasannin jami'o'i, wato NCAA, ta sayar da haƙƙin nuna gasarta ta watan Maris a talabijin kan dala biliyan 10.8 na shekara 14. Kociyoyi na karɓar miliyoyi, kamfanonin takalma na zuba wa jami'o'i kuɗi. Shi kuwa yaron da ake kunna talabijin dominsa, a wancan lokacin idan ya sayar da rigarsa ko ya karɓi kuɗin talla, sai a dakatar da shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma mafi yawan waɗannan zarata baƙaƙen fata ne, da yawansu daga gidajen da ba su da ƙarfi.

Da aka hana kuɗi bi ta ƙofa, sai ya bi ta taga. A watan Satumban 2017 hukumar FBI ta kama mutum 10, ciki har da mataimakan koci huɗu da wani babban jami'in Adidas. An bayyana cewa an yi wa iyalin wani matashi, Brian Bowen, alkawarin dala 100,000 don ya zaɓi Louisville. Koci Rick Pitino ya rasa aikinsa, amma daga baya ya samu wani. Bowen kuwa bai taɓa buga wasa ko ɗaya a jami'a ba. Kun ga wanda abin ya fi shafa.

Wasu yaran suka ce ba za su yi aikin banza ba. Brandon Jennings ya tafi Italiya a 2008, Emmanuel Mudiay, haifaffen Kwango, ya tafi China a 2014, LaMelo Ball ya buga a Ostireliya. A 2020 NBA da kanta ta kafa ƙungiyar G League Ignite tana biyan irin waɗannan matasa albashi.

A ɗaya gefen kuma ana ta fafatawa a kotu. Ed O'Bannon, tsohon tauraron UCLA, ya ga kamanninsa a wasan bidiyo ba tare da an ba shi ko sisi ba, ya shigar da ƙara a 2009. A watan Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli tara duka suka yanke hukunci a kan NCAA a shari'ar Alston. Ranar 1 ga Yuli na wannan shekara aka halatta wa ɗalibai cin kuɗin sunansu da hotonsu, tsarin da ake kira NIL. Nan da nan jami'a ta dawo da farin jini, har aka rufe Ignite a 2024. A 2025 kuma wata alƙaliya ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekara. Shi ya sa AJ Dybantsa, ɗaya daga cikin manyan zaratan 2025, ya iya barin tsofaffin gidajen ƙwallon kwando ya zaɓi BYU, Cameron Boozer ya tafi Duke, Darryn Peterson ya tafi Kansas, kowa da lissafinsa a fili.

Sai dai ga wani abu da ya shafe mu. Yaran Afirka da ke can da bizar ɗalibi, dokar shige da fice ta taƙaita musu yin aikin kuɗi a cikin Amurka. Oscar Tshiebwe na Kentucky, ɗan Kwango, sai da ƙungiyarsu ta je Bahamas a 2022 sannan ya samu damar yin tallace-tallacensa. Hanyar da Hakeem Olajuwon ya bi daga Legas zuwa Houston a 1980 tana nan, amma duk ƙanenmu da ke mafarkinta ya san sharuɗɗanta tukuna. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, shi ma ƙwallon kwando ce ta kai shi karatu Amurka. Bai buga NBA ba, amma shi ya jagoranci Toronto ta ci kofi a 2019 a matsayin shugaba.

Ku riƙe wannan lissafi: samari fiye da rabin miliyan ne ke buga ƙwallon kwando a sakandarun Amurka, kujerun zaɓen NBA kuwa 60 ne a shekara, kuma duk duniya ake rabawa. Saboda haka ni a ra'ayina daidai ne a biya yaran nan, guminsu ne, kuma ba kyauta aka ba su ba, sai da Haywood da O'Bannon suka tsaya gaban alƙali. Amma idan wani ya zo muku da maganar zai kai ɗanku ko ƙanenku Amurka buga ƙwallo, ku tambaye shi sunan makaranta, ku ga takarda a rubuce, ku san wa zai biya idan yaro ya ji rauni, kuma me zai riƙe a hannu idan ƙwallon ta ƙi.

To ku fa, me kuka gani? Da ɗanku ne, digiri za ku ce ya tsaya ya gama, ko ya kama kuɗin tun ƙafarsa na da lafiya? Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa, za mu karanto wasu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu.