Fasa mai da inzayim: daga ruwan toka zuwa ƙwayar zurma

Mai da ruwa ba sa ga maciji. Abin da ke sasanta su shi ake kira mahaɗin mai da ruwa, kuma mafi daɗewarsa a hannun ɗan Adam shi ne sabulu. A ƙasar Hausa mata sun daɗe suna tace ruwan toka, su dafa shi da man kaɗe ko manja har ya zama sabulun salo. Tokar ce ke fasa man, sai dai aiki ne na wuta da haƙuri.

Bafaranshen nan Michel Chevreul ne ya bayyana sirrin a littafinsa na 1823: kowane mai giliserin ne haɗe da asid ɗin kitse. A 1848 Claude Bernard ya nuna cewa ruwan da fankiriyas ke zubawa cikin hanji yana yin wannan fashin ba tare da wuta ba. Inzayim ɗin da ke aikin shi aka raɗa wa suna lifes.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne inda masana'antu suka fara samo shi. Zurma ce, wadda ke fitowa da kanta a juji da bayan gida, ba mai kula ta. A 1890 J. R. Green ya gano lifes a ƙwayarta a Ingila, a 1902 kuma Connstein da abokan aikinsa a Jamus suka fito da hanyar fasa mai da niƙaƙƙen ƙwayar domin masu yin sabulu. Hanyar ba ta yi ƙarko ba: tana da nawa, ga kuma gubar da ke cikin ƙwayar.

Idan aka tsayar da fashin a rabin hanya, sai a sami monogiliserid, mahaɗin da ke tausasa burodi, wanda ake rubutawa E471 a jikin leda. Yawancinsa har yau da zafin da ya haura digiri 200 ake yin sa, alhali lifes na aiki a ɗumi kaɗan. Tsadar lifes ce cikas. Duk da haka lifes ya sami shiga a wani fannin: a 1988 kamfanin Novo na Denmak ya fito da Lipolase, wani lifes da ake samu daga funfuna, ya shiga garin wanki domin cire maiƙo daga tufafi.