Agogon Jikin Ƙwari Ba Ƙira Ɗaya Ba Ne

A shekarar 1971 Ronald Konopka da Seymour Benzer suka gano wasu ƙudajen 'ya'yan itace, wato Drosophila, da lokacinsu ya birkice. Kwanan wasu awa 19 ne, na wasu awa 28, wasu kuwa ba su san dare ba balle rana. Ƙwayar gado ɗaya ce ta samu tawaya, aka raɗa mata suna period. A kan wannan harsashi Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young suka ɗora aikin da ya kai su ga lambar Nobel ta 2017.

Ga yadda agogon ƙudan yake juyawa. Furotin CLOCK da CYCLE su ne ke tayar da ƙwayoyin period da timeless. Furotin da waɗannan biyun suka samar sai su taru da dare, su shiga cibiyar tantanin halitta, su dakatar da masu tayar da su. Gari na wayewa, wani furotin mai jin haske, CRY1, ya sa a rusa furotin TIMELESS, zagaye ya sake farawa.

An daɗe ana kallon wannan a matsayin ƙirar kowane ƙwaro, kuma a nan aka yi gaggawa. Da aka karanta kundin gadon ƙudan zuma a 2006, ba a samu timeless ɗin agogo ba, ba a samu CRY1 ba. Abin da yake da shi CRY2 ne, wanda ba ya jin haske, aikinsa taka wa CLOCK birki, irin na jikin ɗan Adam. Malam buɗe littafi na monak, mai ƙaura daga Kanada da Amurka zuwa Meziko, yana da CRY1 da CRY2 duka biyun, kuma agogon da yake gyara alƙiblarsa da shi a ƙahonninsa na ji yake. Hujja ta fi karkata ga cewa kakannin ƙwari sun mallaki biyun, wasu zuri'o'i suka yar da ɗaya. Ashe Drosophila ne ya fita zakka.

Wannan bai tsaya a ɗakin gwaji ba. Sauron Anopheles gambiae, mai yaɗa mana zazzaɓin cizon sauro, yana da CRY1 da CRY2, kuma amfanin gidan sauro ya rataya ne a kan cizonsa na dare. Har ƙwayoyin gadon da ke warware guba a jikinsa suna hawa da sauka bisa lokaci. Mai neman sanin yaushe sauro ke cizo, yaushe magani ya fi kama shi, dole ya binciki agogon sauron kansa, don na ƙuda ba zai ba shi cikakkiyar amsa ba.