TARIHIN GIDAN MAƁALLI: YADDA KEKEN ƊINKI YA KOYI AIKIN DA YA GAGARE SHI

 Yau ba maganar waya za mu yi ba, ba kuma ta data ba. Ka ɗan duba rigar da ke jikinka, ka kalli ramin nan da maɓalli yake shiga. Wasu suna ce mashi gidan maɓalli, teloli kuma botin-hol. Tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba, amma sai da maƙeran keken ɗinki suka yi shekaru suna fama kafin inji ya iya yin sa. Kuma har gobe, a shagunan teloli da yawa na Batsari da Safana, a nan ɗinki yake tsayawa.

ABIN DA YA KAI NI GA WANNAN MAGANA

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Batsari da Safana. Ka san halin mai gyaran waya idan babu sabis: wuni guda sai ka ga daga mai canza batir sai mai son a tura mashi karatu a memori. Sai na koma zaman shagon wani dattijon tela maƙwabcina. Kekensa baƙin Butterfly ne na feda, ya girme ni.

Na lura duk kaftanin da ya gama ba ya bai wa mai shi. Ninkewa yake ya tara, sai sun yi yawa yaronsa ya kwasa ya kai wa mai babban keke, shi ma sai ya samu man janareta. Na ce, "Baba, me ya hana ka ƙarasa a nan?" Ya ce mani, "Ɗana, wannan keken miƙewa kawai ya sani. Bai iya waiwaye gefe ba." Maganar ta tsaya mani a rai. Na roƙe shi ya bar ni na buɗe kan keken da sukundirebobina, daga baya da sabis ya dawo na bi tarihin abin. Ga abin da na samu.

DA FARKO, YAYA KEKE YAKE ƊINKI?

Allurar keke hancinta a baki yake, ba a gindi ba kamar ta hannu. Idan ta soki yadi ta sauka da zare, sai ta ɗan ɗago kaɗan, zaren ya yi lanƙwasa a gefenta. Wani ƙugiyan ƙarfe da ke ƙasa ya cafki lanƙwasar, ya zagaya da ita bayan kwarkwaro, wanda wasu ke ce wa bobin. Zaren sama da na ƙasa suka sarƙe a tsakiyar yadi, ɗinki ɗaya ke nan. Sai haƙoran da ke ƙarƙashin futa su ja yadin gaba, a sake.

To ka ga motsi biyu ne kawai: allura sama da ƙasa, yadi gaba. Shi kuma gidan maɓalli yana son na uku, wato zare ya riƙa tsallakawa hagu da dama, a matse sosai, don ya lulluɓe bakin ramin kada yadi ya zare. Duk tarihin da za ka karanta a ƙasa, neman wannan motsi na uku ne.

KAFIN ZUWAN KEKE

Kakanninmu ba su da wannan damuwa. Babbar riga ta ka ake zura ta, wando kuma zariya ke riƙe shi. Gwanintar maɗinkin Hausa a aikin wuya take, irin su aska biyu da aska takwas, da allurar hannu. A Turai ne, wajen ƙarni na 13 a ƙasar Jamus, aka fara yin tufafi masu kama jiki da maɓalli da raminsa. Ɗaruruwan shekaru da hannu ake yi: a tsaga yadi tukuna, sannan a bi bakin tsagar ɗinki bayan ɗinki, kowanne da ɗan ƙulli. Kwat ɗaya mai maɓalli goma sai ta cinye wa mutum sa'o'i.

A nan ƙasar Hausa keken ɗinki ya yaɗu ne a zamanin Turawa, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kayan kanti suka yawaita. Kakin soja da na ɗan sanda, yunifom ɗin makaranta, shat, daga baya kaftani mai maɓalli a wuya da hannu, su suka sa telanmu ya wayi gari yana buƙatar gidan maɓalli.

MASU ƘIRƘIRA

A 1830 wani tela a Faransa mai suna Barthélemy Thimonnier ya yi rajistar keken ɗinkinsa, ya buɗe masana'anta a Paris yana ɗinka kakin soja. A 1831 'yan uwansa teloli suka far wa wurin suka farfasa kekunan, don tsoron za a raba su da abincinsu. A Amurka, Elias Howe ya yi rajistar keke mai zare biyu a 1846, Isaac Singer ya biyo baya da nasa a 1851. Kamfanin Singer ya fito da tsarin biya kaɗan-kaɗan a 1856, abin da ya kai keke gidajen talakawa. Amma duk waɗannan miƙewa kawai suka sani. Keke ya haɗa riga cikin ɗan lokaci, sannan a miƙa wa mai allura ya zauna yin ramuka.

Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya ƙara matsa lamba, domin kakin soja dubbai ake nema, kowanne da jerin maɓallai. A 1862 Henry Alonzo House ya yi rajistar injin gidan maɓalli, kamfanin Wheeler & Wilson ya karɓi aikin. A 1873 wata mata, Helen Blanchard, ta yi rajistar ɗinkin zigizag, wato mai tafiyar maciji. A 1881 John Reece ya kafa kamfani a Boston da injin da yake ɗinka ramin ya kuma yanka shi da kansa. Waɗannan duk na masana'antu ne. Ƙaramin tela da matar gida sai da suka jira.

DABARA TA FARKO: A MOTSA YADI

Tunda allurar baƙin keke ba ta zuwa gefe, sai aka ce to a kai mata yadin. Aka ƙera wani ɗan akwatin ƙarfe, girmansa bai fi tafin hannu ba da yawa. Kamfanin Greist na Amurka ya yi suna wajen ƙera shi, Singer ma ya sayar da shi da yawa a tsakiyar ƙarni na 20.

Ga yadda yake aiki. Za ka cire futa ka ɗaura akwatin a gurbinta. Yana da wani hannu mai baki biyu da ake saƙalawa a kan sukurun da ke riƙe allura. Sai ka rufe haƙoran keke da wani ɗan faranti, don kada su ja yadi. Duk lokacin da allura ta hau ta sauka, tana kaɗa hannun nan, shi kuma yana juya giyar ciki da haƙori ɗaya. Giyar ce take jan yadin hagu, dama, hagu, dama, tana kuma matsar da shi kaɗan-kaɗan. A cikin akwatin ana saka wani ɗan ƙarfe mai siffar ramin da kake so, shi ne jagora: yadi zai gangara gefe ɗaya, ya yi kwana, ya dawo ta ɗayan. Kana son rami dogo, ka canza jagoran. Kana son ya yi ƙwari, ka zagaya sau biyu.

Abin lura a nan shi ne, baƙin Butterfly da ake ƙerawa a Shanghai ta ƙasar Sin, a kan tsarin Singer 15 aka yi shi, keken da ya fito tun ƙarshen ƙarni na 19. Irin wannan keke aka yi wa akwatin nan. Ba ya son wuta, ba ya son fetur, ƙafarka ce injinsa.

DABARA TA BIYU: A MOTSA ALLURA

Sauran maƙera suka ce a'a, a bar yadi, a sa sandar allura ta riƙa lilo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kekunan zigizag na gida suka bazu, irin su Necchi na Italiya. Elna na Suwizalan ya fito da Supermatic a 1952 mai faifan da ake canzawa, Bernina kuma a 1954 ya fito da samfurin 530 mai taimaka wa tela yin gidan maɓalli.

Sirrin yana jikin wani faifai mai tudu da kwari a gefensa. Wani ɗan yatsan ƙarfe yana jingine da shi. Faifan ya juyo da tudu, yatsan ya tura allura dama. Ya juyo da kwari, ta dawo hagu. Mu masu waya sai mu ce manhaja ce, sai dai da ƙarfe aka rubuta ta, kana iya ganinta da idonka har ka sa mata mai.

Idan ka ga keke mai maɓallin murɗawa da lamba 1, 2, 3, 4 kusa da hoton rami, ga abin da kowace lamba take yi, ko da yake jerin yana bambanta daga keke zuwa keke:

1. Allura ta koma gefe guda, ta yi siririn zigizag mai faɗin kamar milimita 2, yadi yana tafiya a hankali ƙwarai, ƙasa da rabin milimita kowane ɗinki.
2. Haƙora su tsaya cak, allura ta buɗe faɗi ta haɗe gefe biyu, sau biyar ko shida. Wannan shi ne makullin ƙarshen rami.
3. Allura ta koma ɗaya gefen, haƙora su juya su dawo da yadi baya.
4. A sake makulli a ɗaya ƙarshen.

Murɗawa ɗaya tana canza abu uku lokaci guda: inda allura take, faɗin lilonta, da inda yadi ya nufa. Keken 20U da telolinmu suka sani yana yin zigizag, amma a kansa tela ne yake saita waɗannan da hannunsa, shi ya sa sai gwani. Manyan na masana'anta irin Juki LBH-781 na Japan kuwa, feda ɗaya za ka taka, ya ɗinke, wuƙa ta sauko ta tsaga, cikin daƙiƙoƙi.

ME WANNAN TARIHI ZAI AMFANA MAKA?

Idan kai tela ne, ko ƙaninka ya gama koyo ana shirin haɗa mashi jari, ko ƙanwarka tana ɗinki a cikin gida, wannan ba hira ba ce kawai. Ka tuna goman ƙarshe na azumi: kaya sun taru, wuta babu, mai babban keke layi ne a wurinsa, hanyar Katsina ko Dutsin-Ma kuma ba kullum hankali ke kwanciya da ita ba. Ramin da bai kai gaɓar yatsa ba sai ya sa a kira mutumin kirki maƙaryaci ranar Sallah. Don haka kafin ka fitar da kuɗi:

Kada ka yi saurin rabuwa da baƙin kekenka. Ka tambayi masu sayar da kayan keke a Katsina ko Kano ko suna da akwatin gidan maɓalli na keke mai miƙaƙƙen ɗinki. Ka tabbatar da farantin rufe haƙora da jagororinsa suna ciki, in babu su ba ka sayi komai ba.

Idan zigizag na hannu za ka saya, ka tafi da ƙyalle ka gwada duk lambobin huɗu a gaban mai shi. Ka sa a buɗe murfin sama ka leƙa: idan giya ko faifan na roba ne, ka duba tsagewa da fitilar wayarka.

Ka karanta rubutun jikin motar. Wanda aka yi don Amurka wutar 110 yake sha, tamu kuwa ta ninka haka. Ka jona kai tsaye, ya ƙone, kamar yadda caja marar kyau take kashe waya.

Idan gefe ɗaya na ramin ya fi ɗayan matsewa, ba lalacewa ba ce. Yawancinsu suna da ɗan sukuru mai alamar + da - na daidaita tafiyar gaba da ta baya.

Wajen awo, ka haɗa faɗin maɓalli da kaurinsa, ka ƙara ɗan kaɗan. Ka sa sitif a tsakanin yadin don kada ya tattare. Kada ka murɗa lamba allura tana cikin yadi, karyewa za ta yi. In za ka tsaga da reza, ka gitta fil a bakin makullin, don kada hannu ya zarce ya ɓata wa mutum shadda.

Shi Baba da na nuna mashi bidiyon akwatin nan a waya yana aiki a kan keke irin nasa sak, sai da ya sa na maimaita sau uku. Ya girgiza kai ya ce, "Ashe shekara da shekaru keken ya iya, ni ne ban sani ba." Na ce, "Baba, ai ba kai kaɗai ba ne." Yanzu ya ba da sautu Kano, muna jira, kuma ya riga ya ce ni zan ɗaura mashi.

In akwai tela a gidanku ko unguwarku, ka karanta mashi wannan. Allah Ya sa wa sana'o'inmu albarka, Ya ba mu zaman lafiya a yankinmu. Sai mun haɗu a darasi na gaba.