Tarihin Sandar da Ke Karyewa Cikin Ruwa

Duk wanda ya taɓa tsoma sanda cikin randa ya ga abin da idonsa: sandar kan yi kamar ta karye daidai fuskar ruwa, in an zaro ta kuma a same ta miƙe sambal. Sandar ba ta lanƙwashe ba, haske ne ke karkacewa idan ya fito daga ruwa ya shiga iska. Sai da aka shafe shekaru kusan 1,500 ana bincike kafin ƙa'idar wannan karkacewa ta zauna daram a littattafai.

A ƙarni na 2 Miladiyya, Batlamus na Iskandariyya ya bayyana wani gwaji mai sauƙi. A ajiye kwabo a gindin kwano, mutum ya ja da baya har bakin kwanon ya tare masa shi. Sai a riƙa zuba ruwa a hankali, nan take kwabon ya bayyana alhali bai motsa ba. Batlamus ya nutsa rabin faifan tagulla mai alamomi cikin ruwa, ya auna karkatar haske digiri 10 bayan 10, ya tsara jadawali. Awonsa ya yi kusa, amma bai kai ga ƙa'idar ba.

Wanda ya fara cimma ta shi ne Ibn Sahl, masanin lissafi a Bagadaza, wajen shekarar 984. Yana neman siffar gilashin da zai tattara hasken rana wuri guda har ya ƙona abu, sai ya zana dangantakar da ke tsakanin hasken da ya shiga gilashi da wanda ya fita, daidai ba kuskure. Amma rubutun nasa bai yaɗu ba.

Bayansa sai Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya zauna a Alkahira. Tsakanin 1011 da 1021 ya rubuta Kitabul Manazir mai juzu'i 7, ya keɓe na ƙarshe ga karkacewar haske, ya kuma ce haske na rage gudu cikin abu mai kauri. Shekaru kusan 300 bayan haka, Kamaluddin al-Farisi ya cika ƙwallon gilashi da ruwa, ya ajiye shi a ɗaki mai duhu, ya bar hasken rana ya shigo ta ƙaramar kafa. A ganinsa ƙwallon tamkar ɗigon ruwan sama ne da aka girmama. Ya bi sawun hasken: ya karkace da shigarsa, ya dawo daga bangon ciki, ya sake karkacewa da fitarsa. Da haka aka gane asirin bakan gizo.

Turawa sun karanta Ibnul Haisam da Latin, har aka buga littafin a Basel a 1572. Ibn Sahl kuwa ba su san da shi ba, don haka sai da suka sake nema daga tushe. Snell na ƙasar Holan ya gano ƙa'idar a 1621, Descartes na Faransa ya wallafa ta a 1637. A 1850 Foucault ya tabbatar da gwaji cewa haske ya fi sauri a iska fiye da cikin ruwa. Yau an san gudunsa kusan kilomita 300,000 ne a daƙiƙa, cikin ruwa kuma ya sauko zuwa wajen 225,000.

Sai a 1990 masanin tarihi Rushdi Rashid ya fito da aikin Ibn Sahl, bayan ya haɗa gutsattsarin rubutun da suka rabu tsakanin Damaskus da Tehran. Har yanzu sunan Snell ƙa'idar ke amsawa a makarantu, ko da yake an riga shi da shekaru fiye da 600. Tabarau, kyamara da madubin likita duk a kanta suka dogara. Ilimin da aka rubuta aka kulle a akwati, tamkar ba a gano shi ba ne.