Shirun Masani: Matsalar Rubuta Darasin Yi wa Wasannin Bidiyo Kwaskwarima

Tun da kamfanin id Software ya fitar da Doom a 1993, ya kuma ware hotuna da taswirorin wasan cikin fayilolin WAD, masu wasa suka samu ƙofar sauya abin da suka saya. Daga wannan al'ada ta kwaskwarima, wadda 'yan harkar ke kira mod, aka samu Counter-Strike a 1999, wanda Minh Le da Jess Cliffe suka gina a kan Half-Life. An sha yin nazari a kan masu ƙirƙirar kwaskwarimar, amma ba a cika waiwayar mai rubuta darasin yadda ake ɗora ta ba. Hujjar wannan maƙala ita ce, darasin ɓangare ne na aikin kansa, kuma abin da ya fi kashe shi shi ne shirun da masani ke yi a kan abin da yake ganin kowa ya sani.

Skyrim na kamfanin Bethesda ya isa misali. Ya fito ranar 11 ga Nuwamba 2011, aka sake fitar da shi a 2016 da sunan Special Edition, sannan a Nuwamban 2021 aka yi masa sabuntawar cika shekara goma, wadda ta ɗauke shi daga siga ta 1.5.97 zuwa jerin 1.6. Dubban kwaskwarimar da ke shafin Nexus Mods sun dogara da wata manhaja mai suna SKSE, ita kuma a ɗaure take da takamaiman lambar sigar wasan. Da sabuntawar ta zo, da yawansu suka daina aiki. Darussan da aka rubuta kafin ranar kuwa suna nan a intanet, babu harafin da ya canza a cikinsu. Mai koyo zai bi su mataki-mataki, wasan ya ƙi buɗewa, ya ɗora wa kansa laifi, alhali laifin na marubucin da bai rubuta kwanan wata da lambar siga a layin farko ba ne. A ganina wannan ne kuskure mafi muni, domin yana mayar da bayanin gaskiya ya zama ɓatarwa ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Shirun yana da wata fuskar a cikin matakan kansu. Marubuci zai ce a zuba SKSE a foldar wasa, ya wuce. Wace folda? Akwai wadda fayil ɗin SkyrimSE.exe yake ciki, akwai kuma ta Data da ke ƙarƙashinta, wanda bai saba ba kuwa zai iya zubawa a kowacce. Ya kamata a faɗa masa cewa daga yanzu ta skse64_loader.exe zai riƙa kunna wasan, sannan a ba shi hanyar tabbatarwa: ya buɗe akwatin umarni na cikin wasan, ya rubuta getskseversion, idan lamba ta bayyana to aiki ya yi. Jimla biyu ke nan, amma su ke raba wanda ya san inda ya tsaya da mai lalube cikin duhu. Matakin da ba a faɗi alamar nasararsa ba, kuskurensa ba ya bayyana sai can gaba, lokacin da an ɗora abubuwa ashirin a kansa, ba a kuma san wanne za a tuhuma ba.

Wasu na cewa mai karatu sauri yake yi, umarni yake so, bayanin dalili ɓata lokaci ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, don darasin da ya cika surutu shi ma yana ɓatar da mutum. Sai dai akwai wuraren da dalili shi ne kariya. Idan aka cire kwaskwarima mai ɗauke da umarnin Papyrus, wato yaren umarnin Skyrim, ana tsakiyar wasa, ragowarta na maƙalewa a fayil ɗin ajiya, ta iya lalata wasan watanni. Wanda aka ce masa "kada ka cire" kawai, wata rana zai cire. Wanda aka nuna wa dalili zai kwafi ajiyarsa ya adana tun kafin ya taɓa komai.

Lamarin bai tsaya ga masu manyan kwamfutoci ba. Kamfanin Konami ya daina fitar da wasan ƙwallon ƙafa na PES na na'urar PSP tun bayan PES 2014, don haka duk wani sabon PES da matasanmu ke bugawa a waya ta manhajar PPSSPP aikin masu kwaskwarima ne. Ana warware fayil da ZArchiver, a kai SAVEDATA da TEXTURES cikin foldar PSP. Idan sunan foldar hotunan bai dace da lambar wasan ba, ko ba a kunna sauya hotuna a saiti ba, 'yan wasa da tsofaffin riguna za su fito. Ga shi kuma Android 11 ya zo a 2020 ya taƙaita shiga foldar Android/data, amma tsofaffin darussa na nan suna nuna tsohuwar hanya. Yawancinsu bidiyo ne, mai nunawa na danne-danne da sauri, kiɗa na tashi, mai kallo na ƙona data yana komawa baya. Bidiyo na da amfaninsa wajen nuna inda maɓalli yake, amma rubutu ne ake iya gyarawa ranar da siga ta canza, shi ne kuma ake iya bincika kalma a cikinsa.

Saboda haka ina kira ga masu wannan fasaha a cikinmu da su rubuta darussa da Hausa, su bar sunayen folda da maɓallai yadda suke a allo. Kafin su saki darasi, su miƙa shi ga wanda bai taɓa yin aikin ba, su zauna gefe su yi shiru suna kallo. Duk inda ya tsaya yana tambaya, a nan rubutun yake buƙatar gyara.